Nawa zan yanka? Jingar yashe lambatu da magudanar rufi a kamfanin casar shinkafa

Sabon Shiga: Assalamu alaikum yayyena. Ina neman shawara kafin ranar Litinin. Wani kamfanin casar shinkafa a bayan garin Birnin Kebbi yana son a yashe masa duk magudanan ruwansa kafin damina ta sauka, manaja ya ce in kawo farashina a rubuce. Lambatun ƙasa mita 420 ne, faɗi santimita 60, zurfi 60. Mita 300 a buɗe yake, mita 120 an rufe da silab saboda tireloli na bi ta kai. Akwai kwalbati ɗaya a bakin get. A sama kuma akwai sito biyu manne da juna, kowanne tsawon mita 60, faɗi 24, tsayi kamar mita 8. Magudanar rufinsu mita 180 ce: 60 a tsakiya inda rufin biyu suka haɗu, 120 a gefe da gefe. Tunanina in haɗa duka mita 600 in sa naira 1,500 kowace mita, ya kama 900,000. Ya yi yawa ne ko ya yi kaɗan?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar kuɗi, ƙasar da ke cikin lambatun ta kai ina? Rabi? Ta cika? Kuma ina za a kai ta in an fito da ita?

Sabon Shiga: Na duba da ido dai, wani wuri rabi, wani wuri ya fi. Maganar kwashewa kuwa manaja cewa ya yi kada a bar masa komai a harabar.

Injiniya: To kada ka miƙa takardar nan tukuna. Tsawon lambatu ba shi ne aikin ba. Mita ɗaya mai ƙasa santimita 10 da mita ɗaya mai santimita 50 duk mita ɗaya ce a tef, amma ɗaya ta ninka ɗaya sau biyar a shebur, a baro, a tifa. Abin da za ka sayar musu shi ne yawan ƙasar da za a fitar da nisan da za ta yi.

Gobe da safe ka koma da rodi mai milimita 12, tsawon kamar mita ɗaya da rabi, da tef da littafi. Duk mita 20 ka caka rodin har ka ji ya taɓa kankaren ƙasa, ka riƙe wurin da babban yatsa, ka zare ka auna. Ka caka a tsakiya, ba a gefe ba. Inda lambatun ya yi kwana da inda biyu suka haɗu ka ƙara awo, domin a nan ruwa ke rage gudu ya ajiye yashi. Wurin da aka rufe, ka sa a ɗaga maka silab aƙalla biyar a wurare daban-daban. Kada ka yarda da na bakin farko kaɗai, shi ne wanda masu shara ke iya kaiwa, kullum ya fi sauran tsabta. Sai ka haɗa awon buɗaɗɗen ka raba da yawansu, na rufaffen ma haka. Tsawo sau faɗi sau zurfin ƙasa, duka a mita, shi ne kubik ɗinka.

Kuma ka bi lambatun har inda ya fita daga katanga, ka ga ina ruwan yake zuwa.

Mai Tifa: Injiniya ya faɗi gaskiya. Wanga aiki rabinsa kuɗin mota ne, yaro. Duk wanda ya yanka jingar yashe kwata bai tambayi mai tifa ba, mai tifa zai yi wa aiki.

Kafintan Rufi: Ni kuma abin da ya tsaya mini shi ne haɗa sama da ƙasa a farashi ɗaya. Ba aiki ɗaya ba ne, ba ma'aikata ɗaya ba ne. Leburan da ke riƙe shebur a lambatu ba shi za ka ɗora kan rufi mai mita 8 ba. Ka je ka auno na ƙasan, zan yi maka bayanin saman.

Sabon Shiga: Na dawo. Buɗaɗɗen ya kama santimita 35 in an raba, yawanci yashi ne da ƙaiƙayi, a bushe. Rufaffen ya kama 50, baƙin taɓo ne mai wari, a jiƙe, ruwan jiƙon shinkafa ta nan yake bi. Silab ɗin faɗi santimita 90, tsawo 60, kauri 10. Kwalbatin zobe ne mai santimita 90, tsawon mita 8, ya toshe kamar kashi biyu cikin uku. A waje kuma ruwan yana faɗawa cikin lambatun bakin titi, shi ma a cike yake.

Injiniya: Madalla, yanzu muna da abin lissafi.

Buɗaɗɗe: 300 sau 0.6 sau 0.35, kubik 63. Rufaffe: 120 sau 0.6 sau 0.5, kubik 36. Kwalbati bai wuce kubik 3 da rabi ba. Duka ka ce kubik 100 da 'yan kai. Amma wannan awon ƙasa ce a danne. Da zarar shebur ya taɓa ta sai ta sake ta kumbura, ka ƙara kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Abin da zai hau mota kubik 125 ne. Nauyinsa kuwa, jiƙaƙƙen yashi yana kai tan 1.8 kowane kubik, wato kana maganar kusan tan 180.

Yanzu hannun mutane. Abin da ake kintata da shi a irin wannan aiki: lebura ɗaya yana fitar da kubik 2 da rabi a yini in yashi busasshe ne a buɗaɗɗen lambatu. A jiƙaƙƙen taɓo ƙarƙashin silab da wuya ya wuce kubik ɗaya da ɗan ɗoriya, saboda a sunkuye yake, shebur na mannewa, kuma dole ya riƙa fitowa shan iska. To 63 a raba da 2.5, yini 25. 36 a raba da 1.2, yini 30. Ka lura rufaffen ya fi ƙanƙanta amma ya fi cin kwanaki. Farashin mita ba ya ganin wannan.

Silab guda 200 ne, kowanne wajen kilo 130. Ba duka za a ɗaga ba, a ɗaga ɗaya a bar biyu, a jawo na ƙarƙashin biyun da fartanya mai dogon ƙota. Duk da haka mutum huɗu za su yi kwana uku kan ɗagawa da mayarwa, yini 12 ke nan. Turin baro zuwa inda za a tara, baro ba ya ɗaukar fiye da lita 60 na jiƙaƙƙe in ana son taya ta kai yamma, wato baro 16 ko 17 a kubik, ka sa yini 20. Lodin mota da shebur, yini 28. Jimla yini 115 na mutum ɗaya. In ka ɗauki mutum 12, kwana goma ne.

Mai Tifa: Bari in karɓa daga nan. Ƙaramar tifa mai taya shida kubik 5 take ɗauka, kuma kada ka yarda da baki, ka hau bodin da tef ka auna tsawo da faɗi da zurfi, don wasu an rage masu bodi. 125 a raba da 5, sawu 25. Mu ɗauka sawu 30,000 ne in wurin zubarwa bai wuce kilomita biyar ba, ka tambayi na yau don kuɗin gas ba ya zama wuri ɗaya. Wannan kaɗai 750,000. Cikin 900,000 ɗinka saura 150,000, ba ka biya lebura ko ɗaya ba.

Abu biyu kuma. Direba ba ya yarda a cika mashi mota da taɓo mai ruwa, nauyi ya yi yawa, ƙofar baya tana zuba bisa titi, a tare shi. In ka matsa sai ya ɗauki rabi ya ƙirga maka sawu cikakke. Ka tara taɓon ya kwana biyu ya tsane sannan a loda. Na biyu, jira. In mota ta zo ta tsaya awa biyu mutum uku na loda ta, gobe ba ta dawowa, ko ta dawo da sabon farashi. Ka tara ƙasar wuri uku ko huɗu inda mota ke iya juyawa, ranar lodi ka zuba mata mutum shida.

Sabon Shiga: Innalillahi. Alhaji, ashe da aljihuna zan yi musu aikin.

Ɗan Kwangila: Shi ya sa aka ce ka auno. Amma Alhaji, me zai hana a kawo feloda, motar nan mai bokitin loda ƙasa, yini ɗaya da babbar tifa mai taya goma? Tana ɗaukar kubik 10 zuwa 12, sawu 12 an gama, kuma yini 28 na lodi ya fita daga lissafi.

Mai Tifa: In harabar na da fili kuma an tara ƙasar wuri guda, shi ya fi sauri, babu gardama. Amma yini 28 a dubu shida har da abinci 168,000 ne. Ya tambayi hayar feloda da man ta da kuɗin kawo ta, ya gwada da wannan. Kuma bokitinta na kankare daɓen harabar, in ta taka bakin lambatu tana fasa shi. Ga sabon shiga da bai da kuɗin gyaran kankare, ni shebur zan ce.

Ɗan Kwangila: Ya tambayi duka biyun dai kafin ya rubuta.

Kafintan Rufi: To ga saman. A ƙasa yawan ƙasa ne ke yanka farashi, a sama haɗari ne. Dattin da ke cikin mita 180 ɗin nan duka bai fi buhu ɗari ba, amma abin da ke ƙarƙashinsa shinkafar miliyoyi ce.

Ta tsakiyar nan ita ce uwar aikin. Rabin kowane rufi a cikinta yake zuba, mita 12 sau 60 sau biyu, murabba'in mita 1,440. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. In an yi ruwa mai milimita 50 cikin awa guda, irin na watan Agusta, lita 72,000 ce za ta bi ta nan, lita 20 kowace daƙiƙa. Ta gefe in ta cika a waje take zubarwa. Ta tsakiya in ta cika cikin sito take zubarwa, kan buhunan shanshera.

Ga inda sababbi ke faɗawa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da kashin tattabaru suna daskarewa a gindin magudanar, suna riƙe danshi, ƙarfen ya yi tsatsa a ƙarƙashi. Sau da yawa dattin nan ne ya toshe hujin da tsatsa ta yi. Kana kwashewa huji ya bayyana, ruwan farko ya zuba a sito, a ce kai ka huda. Don haka kafin hannu ya taɓa komai, ka hau da wakilin kamfani, ku ɗauki bidiyo daga wannan baki zuwa wancan, ku shiga ciki ku ɗauki tabon yoyon da ke jikin bango da ƙarafa. A takardarka ka rubuta cewa aikinka kwashe datti ne da buɗe bututu, faci da sauya ƙarfe farashinsu daban. Kuma a janye buhuna daga ƙarƙashin layin tsakiya ko a rufe su da tamfol har a gama gwaji.

Kada a sa shebur ɗin ƙarfe ko diga a ciki. Abin kwasa na roba, da tsintsiya mai tauri, da buhu, a sauko da shi da igiya. Kafin a fara, a cusa tsumma a bakin kowane bututun saukar ruwa, in ba haka ba dattin da ake turawa zai gangara ya cushe a gwiwar ƙasa, ita kuwa sai an yanke ta. In an gama a cire tsumman, a ƙirga su, a zuba ruwa a kowane bututu, mutum ya tsaya a ƙasa ya ga ya fito da ƙarfi.

Sabon Shiga: Malam, tsanina na alminiyam ne mai jawowa. Zai isa?

Kafintan Rufi: Na hawa ne kawai, ba na tsayawa aiki ba. A tsayin mita 8 gindinsa ya nisanci bango da mita 2, kansa ya wuce bakin rufi da mita ɗaya, a ɗaure shi a sama. Kada a jingina shi a jikin magudanar, tana lanƙwashewa. Ka duba wayoyin lantarki, irin wannan kamfani yana da taransifoma tasa, manyan wayoyi na shigowa ta sama, tsanin alminiyam kuwa ba sai ya taɓa su sosai ba. Ta gefe, ka yi hayar ƙarafan hawa irin na masu gini, a riƙa matsar da su. A kan rufi a shimfiɗa katako, a taka kan layin kusoshi inda ƙarfe yake a ƙasa. Fararen kwanon nan na shigar haske ba a taka su ko da wasa, rana ta gasa su, kuma ƙura ta rufe su har ba a bambanta su da sauran. Ka shiga ciki ka ƙirga su daga ƙasa tukuna. Kowa da bel ɗinsa da igiya a ɗaure. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kwano ba ya taɓuwa bayan ƙarfe goma sha ɗaya, don haka yinin rufi daga bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Mutum huɗu, kwana uku, a 8,000, ya kama 96,000. Hayar ƙarafa da katako ka sa 64,000, bel da igiya da buhuna 40,000. Saman ya tashi 200,000 kafin riba.

Injiniya: Tunda an zo maganar rai, rufaffen lambatun da kwalbatin ma suna da nasu. Ruwan jiƙon shinkafa in ya kwanta da ƙaiƙayi a rufe yana ruɓewa ya fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iska nauyi, a ƙasa take kwanciya, kuma in ta yi yawa hanci yakan daina jin ta, mutum ya zaci ta tafi. Tana fitowa sosai lokacin da aka motsa taɓon. A buɗe silab tun yamma a bar su su kwana, a kewaye ramin da igiya saboda masu gadi. Kwalbati a ci shi daga baki biyu da dogon ƙota. In dole sai an shiga, mutum ɗaya da igiya a ƙugu, biyu a waje, minti kaɗan ya fito. Wanda ya ce kansa na juyawa a fitar da kowa. Ka ware masa farashinsa: mutum huɗu, kwana biyu, a 7,500, wato 60,000. Takalmin ruwa da safar hannu ga kowa, akwai kwalba da tsohon ƙarfe a ciki, ƙarƙashin busassun silab kuma kunama da maciji.

Kuma a fara daga ƙarshen da ruwa ke fita a hauro, don ruwan da ke kwance ya samu hanya, mutanenka su yi aiki a abin da ya tsane.

Hajiya Akanta: Bari in tattara muku, don na ga kowa ya kawo nasa. Duk farashin nan misali ne, ɗana, ka sauya su da na kasuwar ranar da za ka rubuta.

Lebura yini 115 a 5,000, 575,000. Abinci da ruwa 1,000 kowane yini, 115,000. Tifa 750,000. Kwalbati 60,000. Rufi 200,000. Kayan aiki, shebur da baro da takalma da sauransu, 150,000. Tankar ruwa biyu na wanki da gwaji, 80,000. Ladanka kai kanka, kwana 12 a 10,000, 120,000. Jimla 2,050,000.

Ladan nan naka ba riba ba ce. Kai ne mai tsayawa kan aiki, da wani ka ɗauka da ka biya shi. Sai kashi 10 na abin da ba a gani ba, silab ya fashe, an yi ruwa an rasa yini, 205,000. Ya zama 2,255,000. Wannan shi ne abin da aikin zai ci.

Riba kuma a kula. In ka ɗora kashi 20 a kan wannan, farashi 2,706,000 ne, ribarka 451,000, wadda ba ta kai kashi 17 na kuɗin da ka karɓa ba. In kana son kashi 20 na farashin ya zama naka, raba za ka yi da 0.8, ya ba ka 2,818,750. Ka ce 2,820,000.

Mai Shago Gesse: Hajiya, da girmamawa, wane manaja ne zai ba yaron da bai san shi ba miliyan biyu da dubu ɗari takwas don yashe kwata? Zai kira 'yan ga-ruwa da leburorin bakin kasuwa su yi masa a dubu ɗari shida. Ni shawarata ya sauko sosai, ko riba babu, ya samu shiga. In suka ga aikinsa na gaba nasa ne.

Ɗan Kwangila: Na dubu ɗari shida za su fitar da ƙasar su jibge ta a bakin lambatu, ruwan farko ya mayar da ita ciki. Manaja da ya ce kada a bar masa komai ya san wannan. Kuma farashin da ka shiga da shi da shi za a san ka, baɗi in ka ninka sai a ce ka yi tsada. Rage riba daga kashi 20 zuwa 12 don a san ka, wannan ciniki ne. Sauka ƙasa da 2,255,000 kuwa, ranar kwana na shida kuɗi zai ƙare, leburori su watse, tifa ta ƙi zuwa, a bar shi da tarin taɓo a harabar mutane. Wannan sunan ne zai bi shi.

Mai Shago Gesse: To in sun ce ba su da wannan kuɗin fa? Ya bar aikin ke nan?

Ɗan Kwangila: A rage aikin, ba farashin ba. Shi ya sa ba a rubuta lamba ɗaya. Ya rubuta layi-layi: buɗaɗɗen lambatu kaza, rufaffe kaza, kwalbati kaza, rufi kaza, kwashewa sawu 25 kaza. In manaja ya ce ya yi yawa, sai a tambaye shi wane layi za a cire. Sau da yawa kamfani na da motarsa ko yana da mai kwashe masa toka da ƙaiƙayi, in suka ɗauki kwashewa 750,000 ya fita nan take. Ko akwai rami a bayan filinsu da suke son cikewa, sai baro ya isa. Manaja kuma yana da wanda zai yi wa bayani a sama, takarda mai awo da lissafi ta fi masa sauƙin karewa.

Injiniya: Ni a layin kwashewa na fi son a biya bisa sawu, mai gadi ya riƙa sa hannu a get duk motar da ta fita. In 22 aka yi a biya 22, in 30 ne a biya 30. Babu wanda aka cuta.

Ɗan Kwangila: A takarda ya yi kyau, Injiniya, a fili kuwa rigima ce. Za a ce motar ba ta cika ba, mai gadi ya tafi sallah bai ƙirga ɗaya ba, akanta ya riƙe biya sai an daidaita. Kamfani yana son ya san abin da zai fitar tun farko. Jinga ɗaya a kan sawu 25, a rubuta cewa abin da ya haura za a biya kaza kowane sawu. In ya gaza, ribar awonsa ce.

Injiniya: Ga wanda ya saba awo, na yarda. Wannan awonsa na farko ne, kuma silab biyar kawai ya ɗaga cikin 200.

Hajiya Akanta: To duka biyun sun haɗu a layin nan na abin da ya haura, shi ne kariyarsa. Ga sauran abin da takardar za ta ɗauka.

Biya kashi uku: rabi kafin a fara, kashi 30 in an gama fitar da ƙasa, kashi 20 bayan gwajin ruwa da sa hannu. Lebura kullum yamma ake biyansa, mai tifa ma haka, ba za ka iya ɗaukar wa kamfani bashin miliyan biyu ba. In sun ce tsarinsu sai bayan kwana 30, ka nemi kafin alƙalami ko da na tifa da lebura ne, in ba su bayar ba aikin ya fi ƙarfin jarinka.

Ka tambayi akantansu tun yanzu kashi nawa suke riƙewa na haraji daga kuɗin kwangila, ka sa shi a lissafi, kuma ka karɓi shaidar cirewar. Za su nemi lambar biyan haraji, wataƙila da rajistar sunan kasuwanci ta CAC da asusun banki mai wannan sunan. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun 2020, ka rubuta ƙarara ko farashinka ya haɗa da shi ko bai haɗa ba. Ka sa cewa farashin na kwana 14 ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a yi wa kuɗin mota alƙawarin wata guda.

In wani a ciki ya ce a sa masa nasa a kai, ka san daga ribarka zai fito, kuma ranar da ta tashi sunanka ne a takarda.

Mai Tifa: Wurin zubarwa ma a rubuta shi. Kada a bari direba ya juye inda ya ga dama, mai fili ko hukuma kai za su nema. Ka tambaya ofishin KUDA, hukumar raya birane ta Kebbi, ko ma'aikatar muhalli inda aka yarda. Busasshen yashin mai ƙaiƙayi, in an tsince leda, masu cikon fili da masu gona na karɓa, wani har ya biya rabin mota. Baƙin taɓon da ya haɗu da baƙin mai daga wurin janareto kada a kai gonar kowa.

Injiniya: Saura lambatun bakin titi da ka ce a cike yake. In bakin fitar ruwan a toshe yake, duk abin da ka yi ciki ruwa zai dawo ya kwanta, a ce aikinka bai yi ba. Ba na kamfani ba ne, ba ya cikin jingarka, amma ka nuna wa manaja da idonsa kafin a fara. Ka ba shi layi na zaɓi: buɗe mita 30 ko 40 daga bakin get zuwa inda ruwa ya samu gangara, da farashinsa. In ya ƙi, ka rubuta cewa an nuna masa.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage: leburan 5,000, zan same su a yanzu kuwa?

Ɗan Kwangila: Da wuya a wannan watan. Girbin shinkafar rani ake yi a fadamun Argungu da Suru da Bunza, ƙarfafan duk suna can, ruwa na sauka kuma kowa ya koma gonarsa. Ka je inda suke taruwa da asuba ka ji farashin bakinsu, ka sa wannan. Buɗaɗɗen kuma kada ka biya shi da yini, ka yanka musu shi gaɓa-gaɓa, mita 20 ga mutum biyu a kuɗi kaza, sai rodi ya taɓa kankare a biya. Rufaffen da kwalbati da rufi su ne na yini, don ba wuraren da ake son gaggawa ba ne.

Ka kuma tambayi manaja lokacin shigowar tireloli. Lokacin sayen shanshera ne, get ba ya hutawa, ba za su bari ka buɗe silab ɗin hanya duka a lokaci ɗaya ba. In rabi-rabi za a yi, ko sai ranar Juma'a da Lahadi, kwana goman nan ya zama goma sha uku, ka ƙara ladanka da hayar kaya daidai da haka.

Kafintan Rufi: Kuma saman za ka fara, ba ƙasa ba. Abin da aka wanko daga bututu cikin lambatu yake sauka. Tanka ɗaya ta tafi a gwajin rufi ranar kwana na uku, ɗayar ka ajiye ta sai an mayar da silab na ƙarshe, a sake ta daga can saman lambatun manaja na tsaye a bakin kwalbati.